Yadda Ake Ceto Littattafan Da Suka Maƙale A Tsofaffin Tsare-tsaren Fayil

A watan Agustan 2012 kamfanin Microsoft ya janye manhajarsa ta karanta littattafai, wato Microsoft Reader, wadda ya fito da ita tun 2000, kuma daga lokacin duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .lit ya zama maraya. Kamfanin Sony ya rufe kantin littattafansa na Amurka da Kanada a watan Maris na 2014, ya miƙa masu sayayya ga kamfanin Kobo, ya bar .lrf da .lrx ba mai kula da su. Mobipocket, kamfanin Faransa da Amazon ya saya a 2005, shi ma ya rufe shafinsa a 2016. Duk mai riƙe da ma'ajiyar littattafai ta kwamfuta, ta jami'a ce ko ta gidan ɗab'i ko ta mutum ɗaya mai son tara littattafai, da wuya ya rasa irin waɗannan a cikin kayansa. Tare da su kuma akwai waɗanda suka fi su wuyar sha'ani, wato ainihin fayilolin da aka buga littattafan ko aka tsara shafukansu da WordStar da WordPerfect da PageMaker.

Tushen matsalar ɗaya ne. Kamfanin da ya ƙirƙiri tsarin bai bayyana wa jama'a yadda ya jera bayanai a cikin fayil ɗin ba, don haka manhajarsa ce kaɗai ta san hanyar shiga, kuma ranar da manhajar ta daina aiki a kan sababbin kwamfutoci, littafin yana nan daram amma babu mai iya karanta shi. Maganin da aka sani shi ne a juya shi zuwa tsarin da bayaninsa ke buɗe ga kowa. Sai dai akwai ƙa'idar da nake so a riƙe kafin a taɓa komai: abin da aka juya kwafi ne, ba magajin na asali ba ne, kuma ba a share na asali ko da juyin ya fito tas.

Kafin a buɗe ko da fayil ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗoki. Mutum ya samu tsohon faifai, ya sa a kwamfuta, ya danna fayil, manhajar yau ta tambaye shi ko ta sabunta masa tsarin, ya amsa, ta adana a kan na asali. Da wannan dannawa ɗaya an rasa shaidar yadda littafin yake tun farko. Saboda haka aikin farko shi ne ɗaukar kwafi ba tare da an rubuta komai a kan faifan ba. Faifan filofi mai inci uku da rabi yana da ɗan maɓalli a kusurwa, kuma idan aka ture shi har ramin ya buɗe, ba za a iya rubutu a kansa ba. Ga babban faifan kwamfuta ko filasha akwai na'urar da ake sa wa a tsakani domin ta hana rubutu. Idan Windows ta ce ba ta gane faifan ba, ta nemi a ba ta izinin tsara shi daga farko, kada a yarda ko kusa, domin sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, tsarinsa ne baƙo a wurinta. Tsofaffin filofin Macintosh masu ɗaukar kilobayit 400 ko 800 ba sa karantuwa a na'urar filofi ta USB, sai an nemi irin su Greaseweazle ko KryoFlux, waɗanda ke karanta maganaɗisun faifan kai tsaye.

Ya fi kyau a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya maimakon kwashe fayiloli ɗai-ɗai, domin hoton yana riƙe da ranakun da aka yi aikin, da jerin foldoji, da wasu ɓoyayyun sassa da tsohuwar Macintosh ke ajiye bayanai a ciki, waɗanda kan ɓace idan aka kwafa zuwa Windows. Manhajar ddrescue tana da amfani ga faifan da ya fara lalacewa, saboda takan fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma ta yi ta gwada wuraren da suka ƙi.

Da zarar kwafin ya samu, sai a fitar wa kowane fayil zanen yatsansa da SHA-256, wanda jerin alamomi 64 ne da ke canzawa gaba ɗaya idan ko bayit ɗaya ya motsa. A Linux umarnin sha256sum ne ke yin wannan, a Windows kuma Get-FileHash. A rubuta sakamakon a ajiye, a bincika kayan da manhajar kama bairos, musamman takardun Word na ƙarshen shekarun 1990 da bairos ya yi wa yawa, sannan a kulle foldar asali ta zama ta karatu kawai. Duk aikin da zai biyo baya a kan kwafi na biyu za a yi shi.

Wutsiyar suna ba shaida ba ce

Haruffa ukun da ke bayan ɗigo a sunan fayil zato kawai suke bayarwa. A zamanin DOS, tsarin kwamfuta da ya gabaci Windows, suna ba ya wuce haruffa takwas da wutsiya mai uku, kuma masu amfani da WordPerfect 5.1, wadda ta fito a 1989, sukan cika wutsiyar da abin da suka ga dama, ko farkon sunansu ko lambar babi. Fayil mai .doc yana iya zama na Word, ko na WordPerfect, ko rubutu zalla. Mai .wps yana iya zama na Microsoft Works ko na manhajar kamfanin Kingsoft. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne .pdb na ƙananan kwamfutocin hannu na Palm, domin shi akwati ne kurum da manhajoji da dama suka zuba littattafansu a ciki, kowace da nata tsarin.

Gaskiyar tana cikin bayit na farko-farko, kuma ana iya ganinta da ido idan aka buɗe kwafin da manhajar duba bayit irin HxD. Littafin Microsoft Reader yana farawa da ITOLITLS. Takardar WordPerfect daga 5.0 zuwa sama tana ɗauke da WPC bayan bayit na farko. A fayil ɗin Palm kuwa sai an ƙirga bayit 60 sannan a tarar da haruffa takwas da ke faɗin ko wane ne: BOOKMOBI na Mobipocket ne, TEXtREAd na PalmDOC, PNRdPPrs na eReader, DataPlkr kuma na Plucker. WordStar tana da tata alamar da ba ta ɓuya, domin idan aka buɗe takardarta a Notepad za a ga rubutun yana karantuwa amma harafin ƙarshe na kusan kowace kalma ya rikiɗe, saboda manhajar tana canza wannan bayit ɗin ne domin ta san inda kalma ta ƙare. Wanda bai san haka ba zai ɗauka fayil ɗin ya lalace, alhali babu abin da ya same shi.

Ba wanda zai bi dubban fayiloli da ido. Hukumar adana tarihi ta Birtaniya da ke Kew tana da rajistar tsare-tsaren fayil mai suna PRONOM, da manhajar kyauta mai suna DROID wadda ke bin folda ta gwada kowane fayil da alamomin da ke rajistar. Siegfried ma da wannan rajistar take aiki, kuma ta fi sauƙin sarrafawa ga wanda ya saba da rubuta umarni. A fitar da sakamakon a jadawali, a tara fayilolin rukuni-rukuni, a ƙirga. Wannan ƙirgar ce za ta nuna inda ya kamata a fara, kuma ni a ganina ba da rukunin da ya fi yawa ake farawa ba, da wanda babu kwafinsa a wani wuri ake farawa. Littafin Turanci da ya shahara ana iya samunsa a ma'ajiyoyi ɗari, amma fayil ɗin da wani ƙaramin gidan ɗab'i ya tsara littafin Hausa da shi mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a duniya.

Littattafan na'urorin karatu

Waɗannan su suka fi sauƙi muddin ba a kulle su ba. Manhajar calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006 domin na'urar Sony PRS-500, tana karanta .lit da .lrf da .prc da .mobi da .rb da yawancin nau'o'in .pdb. Na fi son a yi amfani da umarninta na ebook-convert, a ba shi sunan fayil ɗin shiga da na fita, maimakon a zuba komai a cikin laburarenta, domin laburaren yakan sake wa fayiloli suna bisa tsarinsa. Inda za a kai su shi ne EPUB, wanda ya fito a 2007, kuma tun 2017 yake hannun ƙungiyar W3C. Dalilin zaɓensa a fili yake: jaka ce ta ZIP da shafukan XHTML a ciki, don haka ko da duk manhajojin karatu sun ƙare, mutum zai iya kwance jakar ya karanta rubutun. Fayil ɗin .lit yakan juyu da kyau saboda asalinsa ma daga dangin HTML yake, amma .lrf yana bukatar a sa masa ido, tunda an gina shi ne bisa girman allon na'urar Sony. Ga .mobi akwai KindleUnpack, wadda ke zazzage rubutu da hotunan ciki kamar yadda suke ba tare da ta sake musu fasali ba. Kowane EPUB da ya fito a bi shi da EPUBCheck, manhajar da ke duba ko ya bi ƙa'idar tsarin.

Kulallun kuwa labarinsu daban. Makullin haƙƙin mallaka, wanda ake kira DRM, yana ɗaure littafi ne da wani abu na waje. Na Mobipocket yana ɗaure da lambar na'urar mai saye, na eReader yana buɗewa da sunan mai saye da lambar katin bankinsa, mafi tsananin na Microsoft Reader kuma yana bukatar a yi wa manhajar rajista da kwamfutocin kamfanin, waɗanda ba sa amsawa yanzu. A 2019 an ga iyakar wannan tsari, lokacin da Microsoft ya rufe sashen littattafai na kantinsa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. Ba na ba da shawarar a fasa makulli a ɓoye. Dokar Amurka ta 1998 ta hana, sai 'yan togaciyar da ake sabuntawa duk bayan shekara uku, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta yi magana a kan kauce wa irin wannan kariya. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta wa mawallafi ko marubuci ko magadansa a nemi kwafi marar makulli da izini a rubuce, a nemi shawarar lauya a kan abin da doka ta yarje wa ɗakunan karatu, sannan a ci gaba da ajiye kulallen fayil ɗin tare da duk bayanin da aka sani game da sayensa.

Fayilolin gidan ɗab'i

LibreOffice ce ƙofar farko. Tun 2014 masu aikinta suke da shiri na musamman na buɗe tsare-tsaren da kamfanoni suka rufe, kuma ta dalilinsa tana karɓar WordPerfect da Works da Publisher da CorelDRAW da PageMaker da tsofaffin takardun Macintosh da dama. Ga takardar rubutu, a juya ta zuwa ODT, buɗaɗɗen tsarin da LibreOffice ke amfani da shi. Masu fayilolin .pub su gaggauta, domin Microsoft ya sanar cewa zai daina tallafa wa Publisher a watan Oktoban 2026.

PageMaker tana bukatar haƙuri. Aldus ne ya fito da ita a 1985, Adobe ya gaje ta a 1994, fitowarta ta ƙarshe ita ce 7.0 a 2001, kuma InDesign CS6 ce ta ƙarshe da ke buɗe fayilolinta. Abin da mutane ke mantawa shi ne fayil ɗin PageMaker sau da yawa ba ya ɗauke da cikakkun hotunan littafin, yana nuni ne kawai ga inda suke a faifai, haka nan ba ya ɗauke da salon haruffan da aka yi amfani da su, wato font. Wanda ya kwafi fayil ɗin shi kaɗai ya baro foldar hotuna da ta haruffa ya kwaso rabin littafi ne. Daga irin wannan fayil abu biyu ake so a fitar: PDF/A, wato nau'in PDF na adana na dogon lokaci, domin a riƙe kamannin shafi da lambobinsa, da rubutun kansa domin a gina EPUB ko a sake bugawa. Ɗaya ba ya wadatarwa, tunda mai bincike yana bukatar lambar shafi, makaho mai amfani da manhajar karanto rubutu kuma yana bukatar rubutu mai gudana.

Haruffa masu lanƙwasa

A nan ne littattafan Hausa ke da tasu matsalar ta daban, kuma a nan na fi ganin ana asara. Jerin haruffan da tsohuwar Windows ke amfani da shi ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Domin a samu mafita, aka ƙera font na musamman da suka ɗora waɗannan haruffa a kan maɓallan wasu alamomi, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima a shekarun 1990. Dabarar ta yi amfani ƙwarai a lokacinta, amma abin da ke rubuce a cikin fayil ɗin ba ƙ ba ne, wata alama ce da font ɗin ke yi wa riga. Idan font ɗin ya ɓace, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ha~aka a maimakon haɓaka. A wani tsarin kuma q da x da v aka ara, sai a ga qasa da xaya da havaka. Har PDF ɗin da ke nuna haruffan daidai a ido yana iya ɗauke da wannan cuta, kuma gwajin mai sauƙi ne: a kwafi layi ɗaya a liƙa a Notepad, ko a nemi kalmar ƙasa a ga ko za ta fito.

Gyaran shi ne a mayar da kowace alama zuwa harafinta na Unicode, jerin haruffa na duniya da kwamfutocin yau ke amfani da shi, inda ɓ take U+0253, ɗ take U+0257, ƙ kuma U+0199, manyansu su ma kowane da lambarsa. Da farko a samo font ɗin, a buga dukkan maɓallai da shi, a rubuta jadawalin abin da kowace alama ke wakilta, domin ba duka font ne suka bi tsari ɗaya ba. Sannan a kiyayi sauya komai a dunƙule. Idan aka ce kowace q ta koma ƙ, an taɓa Qur'ani a inda marubuci ya rubuta shi haka. Idan aka ce kowace x da v su canza, an lalata lambobin Rumawa na shafukan gabatarwa da duk sunayen Turanci da ke jerin manazarta, haka kuma bakan da aka sa da gangan zai koma harafi. Abin da ke raba gardama shi ne font ɗin da ke kan kowane harafi, kuma Word da LibreOffice duka suna ba da damar a nemi alama a cikin wani font kaɗai a sauya ta. Wannan ne ya sa bai kamata a fara mayar da takardar rubutu zalla ba, domin da an yi haka shaidar font ta tafi, sai dai a bi kalma-kalma da hannu. Idan fayilolin suna da yawa, SIL Converters da TECkit an yi su ne domin wannan aiki. Ko da hakan, inda mai buga rubutu ya bar kalmar Turanci a cikin font ɗin Hausa, sai idon mutum.

Kada kuma mai gyara ya wuce gona da iri. Littafin da aka buga a Nijar da ƴ a bar masa ƴ, wanda aka buga a Najeriya da 'y a bar masa 'y, kuskuren ɗab'i ma a bar shi a yi masa bayani a gefe, domin aikin ma'ajiya adanawa ne, ba tace rubutu ba. Ayoyi da hadisan da ke cikin littattafan addini su ma a duba su. Idan aka ga ÈÓã Çááå, to بسم الله ne da aka rubuta da jerin Windows-1256 aka karanta shi da na Turawan yamma, kuma zaɓen jerin da ya dace yana dawo da shi. Bayan an dawo da shi, lallai wanda ya san nassin ya karanta kafin a saki littafin.

Idan juyi ya ƙi

Wani lokaci babu manhajar yau da za ta buɗe fayil yadda ya kamata, sai a koma a rayar da tsohuwar a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. DOSBox-X tana ɗaukar WordStar da WordPerfect na DOS, VirtualBox ko QEMU suna ɗaukar Windows XP da PageMaker a kanta, Basilisk II da SheepShaver kuma na tsohuwar Macintosh ne. Da irin wannan dabara masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka buɗe faya-fayan Domesday na BBC, wani kundin bayanai game da Birtaniya, a 2002, shekara 16 kacal bayan an yi su. A cikin kwamfutar kwaikwayon sai a saka font ɗin asali, a buɗe littafin, a tura shi zuwa fayil ɗin PostScript, daga nan a mayar da shi PDF, rubutun kuma a fitar da shi a RTF. A raba kwamfutar kwaikwayon da intanet, kuma a adana faya-fayan saka manhajar da lambobin lasisinta da littafin jagorarta kamar yadda ake adana littattafan kansu. Sikanin bugun takarda shi ne mataki na ƙarshe, idan duk waɗannan sun gaza.

Dubawa da rubuta abin da aka yi

Buɗewar fayil ba ta nufin littafi ya tsira. A ajiye na asali da sabon gefe da gefe, ko bugun takarda idan akwai, a gwada adadin kalmomi, a duba shafin farko da na tsakiya da na ƙarshe, saboda juyi yakan yanke a hanya ba tare da ya faɗa ba. A duba bayanan ƙasan shafi da jadawali da hotuna. A littafin waƙa a tabbata baitoci ba su haɗe sun zama zube ba, domin waƙa mai ƙwar biyar da aka cakuɗa layukanta ta rasa surarta ko da babu kalmar da ta ɓace. Idan fayilolin kaɗan ne a duba duka, idan dubbai ne a ɗebi samfuri daga kowane rukuni, kuma matsala ɗaya a samfuri ta isa a sake bin rukunin.

Kowane littafi ya samu layinsa a jadawali: sunan fayil na asali, zanen yatsansa, tsarin da DROID ta gano, manhajar da aka yi juyi da ita da lambar fitowarta, ranar aikin, wanda ya yi, da abin da aka lura ya ɓace. Manyan ma'ajiyoyi suna rubuta wannan bisa ƙa'idar bayanan adana mai suna PREMIS, su ɗaure kayan da tsarin ƙunshe fayiloli mai suna BagIt, amma jadawali mai tsafta ya wadatar ga ƙaramar ma'ajiya. A haɗa na asali da sabon da font da jadawalin haruffa a wuri ɗaya, a yi kwafi uku a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gini daban, nesa da zafi da ƙurar hunturu. Sau ɗaya a shekara a sake lissafa zanen yatsan kowane fayil a gwada da na farko, kuma a wannan ranar a ɗauko jerin waɗanda suka ƙi buɗewa a sake gwada su da sabuwar rajistar PRONOM da sabuwar fitowar calibre da LibreOffice.